Shirin Hawan Mambila Daga Zauren Aliero

Ni dai a rayuwata ban taɓa hawa abin da ya wuce bene hawa ɗaya ba, shi ma sai da na tsaya a tsakiyar matakala na yi kamar ina amsa waya. A Jega aka haife ni, a Jega nake koyarwa, kuma duk wanda ya san ƙasarmu ya san a shimfiɗe take kamar faifai. Tudunmu bai wuce gaɓar gulbi da tulin buhunan albasa a tasha ba. Amma a hutun damina na wata shekara da ba ta yi nisa ba, ni ɗin nan, da tumbina da komai, na buɗe baki a gaban dangi na ce zan tafi hawan duwatsun Mambila, kwana biyar a ƙasa, kaya a baya. Ba taɓin hankali na samu ba, taubashina ne ya ja mini.

Mahaifiyata da mahaifinsa ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun muna yara babu abin da ban isa in faɗa masa ba, shi ma haka. Ina ce masa bawana, yana ce mini bawana, har yau ba a raba gardamar ba. Manomin albasa ne a Aliero, irin ƙartin nan da ke sungumar buhu su kaɗai su jefa a mota suna hira. Wata rana yana saman babbar mota yana ɗaure kaya, igiya ta tsinke, ya faɗo, ƙashin cinyarsa ya karye. To a Aliero karaya ba abin tashin hankali ba ce, daga garuruwa masu nisa ma nan ake kawo ta. Aka yi masa ɗori, ya yi jinyarsa, bayan 'yan watanni mai ɗorin ya mammatsa ƙafar ya ce ƙashi ya kama, ya tashi ya taka. Ya tashi, ya yi taku kamar goma a tsakar gida, ya ji ƙafar ba ta kai 'yar'uwarta tsawo ba. Sai ya koma kan tabarmarsa ya zauna, zaman ke nan.

Wata takwas mutumin nan daga ɗaki sai zaure. Ba gona, ba kasuwa, ko ɗaurin aure aka yi a ƙofar gidansa sai dai ya aika da uzuri. Lokacin zuba irin albasa ya matso, shi kuwa ko zancen ba ya so a yi masa. Rannan matarsa ta kira ni a waya.

Ta ce, "Malam, ɗan'uwanka fa zaune yake shina ƙarewa. Ƙafa ta warke, shi ne bai warke ba. In wagga shekara ta wuce bai fita ba, wallahi ba shi ƙara fita."

Na tambaye ta me aka gwada. Ta ce an yi lallashi, an yi nasiha, liman ya zo, tsofaffi sun zo, kowa sai ya ce masa ya yi haƙuri ya taka a hankali, ai ba a ko ganewa. Hankalina ya tashi ƙwarai, don na san gaskiya ta faɗa. Amma kuma na san mutumina. Lallashi ba ya shiga kunnensa. Tun muna yara, in kana so ya hau kuka ya ɗebo maka 'ya'ya, kada ka roƙe shi, ce masa kawai ba zai iya ba.

Ranar Asabar na hau babur na nufi Aliero da littafin rubutu sabo fil a aljihu. Na tarar da zaurensa da mutane kamar shida, 'yan dubiya, shi kuma yana jingine da bango ya miƙe ƙafa, ya rame, fuskar nan ba annuri. Ko kallon ƙafar ban yi ba. Na zauna na ciro waya na nuna musu wani bidiyo da na gani, na mutane goye da manyan jakunkuna suna hawan korayen duwatsu, gajimare a ƙasansu. Na ce wannan Mambila ce, can Taraba, kuma ni na ƙudura kafin a koma makaranta sai na taka ƙolinta. Na buɗe littafi na shiga bin mutanen zauren ɗaya bayan ɗaya ina tambayar wa zai raka ni. Kowa ya yi dariya ya ce Allah ya tsare hanya. Da na zo kansa sai na tsallake, na rufe littafina.

Ya ce, "Ni fa?"

Na ce, "Kai wa? Haba bawana, ai wanga zance na masu ƙafa biyu ne. Kai dai ka yi muna addu'a, in na dawo na kawo maka ganyen shayi."

Wani dattijo ya dube ni kamar ya mare ni, amma ya san tsakanin taubasai ba a shiga. Ni kaina tsoro nake ji, don in maganar ta faɗi ba daidai ba, na ƙara masa ciwo ke nan. Ya daɗe yana kallon tumbina. Sannan ya ce, "Kai da ka hawa babur zuwa masallacin unguwa? Kai za ka hau dutse ka bar ni nan? Rubuta sunana, bawan banza."

Na rubuta, ina murna a zuci kamar an yi mini bushara. A lissafina, mako biyu za mu yi muna wannan shirme, ya fara fita ƙofar gida, ya leƙa gona, sai in ce an ɗage tafiya saboda ruwan sama. Ashe ramin mugunta na haƙa, kuma ban haƙa shi gajere ba.

Asabar ta gaba na tarar ya ƙwace ragamar tafiyar. Ya sa an nemo masa mutumin da ya taɓa kai albasa Taraba, ya sha masa kai da tambaya: mota nawa ake canzawa, ina ake kwana, daga ina kwalta take fara nannaɗe dutse. Ya ji cewa sanyin can ba irin namu ba ne, ruwa ma sai ka yi ta maza kafin ka yi alwala. Ya karɓe littafin daga hannuna ya duba, ya mayar mini ya ce ni in riƙa rubutu shi yana faɗa, tunda abin da na iya ke nan. Na samo mana jakunkunan goyo guda biyu a wurin masu gwanjo a kasuwar Jega, manya, masu igiyoyi ta ko'ina, har yau akwai igiyar da ban san aikinta ba.

Muka fara jera kaya. Bargo, rigar sanyi, hular sanyi, takalmi mai igiya, tocila, ashana, buta, darduma, man zafi. Abinci kuwa ƙuli-ƙuli da kilishi da dabino da garin kwaki, abin da ba ya lalacewa. Har nan ban yi gardama ba, don masu bidiyon ma kusan abin da suke ɗauka ke nan. Sai ya ce in rubuta babbar riga da hula.

Na ce, "Babbar riga bisa dutse?"

Ya ce, "In Jumu'a ta iske mu can fa? Da rigar sanyi za ka shiga masallacin mutane, su ce haka Kabawa suke?"

Na rubuta. Sai ya ce in rubuta albasa, rabin buhu, a raba biyu. Nan na ajiye biro. Na yi masa bayani irin na malamin makaranta, cewa duk hikimar wannan tafiya a rage nauyi take, masu yin ta har cokali suke aunawa. Ya saurare ni har na gama, ya ce su masu bidiyon ba su da kunya ne. Kwana biyar za mu yi muna ratsa ƙauyukan mutane, muna shan ruwansu, muna kwana a zaurukansu, sannan mutumin Aliero ya shiga garin mutane hannu rabbana? In labari ya dawo gida ina zai sa kansa? Ya kuma kawo hujjar da ta kashe mini baki: duk ƙauyen da muka shiga za mu sauke kaɗan, saboda haka kullum kaya raguwa za su yi, ranar da za mu hau ƙoli jaka ta zama fayau. Wallahi a lokacin na ga hankali a maganar.

Sai batun koyon hawa. A duk Aliero babu tudun da akuya za ta yi haki a kansa. Mutumina ya sa aka kife turmi a tsakar gida, ya goya jaka, yana hawa yana sauka, yana hawa yana sauka. Ranar farko sau bakwai ya yi ya zauna yana zagina. Bayan mako biyu matarsa ta kira ni, wannan karon tana dariya, ta ce in zo in raba su, ya hana ta daka, turmi ya zama Mambila. Amma ta rage murya ta ce har yanzu bai taka waje da rana ba. Bayan sallar asuba yake zagaya bayan gida, da ya ji motsin mutane sai ya shige.

Ni ma na ce masa ina nawa shirin a Jega, kullum da yamma ina hawa gaɓar gulbi ina sauka. Zuwa gulbin kam ina zuwa. Akwai wata mai soya kifi a wurin, a kan bencinta nake yin atisayen.

Da na ga hutu yana ƙarewa kuma mutumin nan ya fara maganar ranar tashi, sai tsoro ya kama ni. Na tuna da wani tsohon Bafillace a Fagada, abokin marigayi mahaifina, wanda a ƙuruciyarsa ya yi kiwo har can wajen duwatsun. Na je na gaishe shi, na kwashe labari na faɗa masa, na roƙe shi alfarma ɗaya: in kira taubashina a waya, shi kuma ya gaya masa cewa dutsen ba ya hawuwa a wannan lokaci, a bari sai baɗi. Na buɗe littafinmu na karanta wa tsohon, yana ji yana girgiza kai. Ya ce shi da sanda da gora da malfa ya je ya dawo, amma Kaɗo, wato mu Hausawa, ko bayan gida za shi sai ya yi kaya. Ya ce in kira, ba komai.

Na kira, na sa a amsa-kuwwa, na miƙa masa ina murmushi. Suka gaisa. Sai na ji tsohon nan yana cewa, "Dutse kam shina hawuwa. Na ga gurguwar saniya ta hau shi. Mai tumbi ne ban taɓa gani ba. Ku fara gwada ƙafafunku nan gida, kwana ukku, da kayanku duka. Ba a fafe gora ranar tahiya." Ya miƙo mini wayata, ya ci gaba da jan carbinsa kamar bai yi komai ba. Na ce, "Baffa, haka munka yi da kai?" Ya ce shi bai yi da ni zai yi ƙarya ba.

Haka aka tsara gwaji: daga Aliero mu bi ta gonaki mu kwana Jega, washegari mu kwana Fagada, rana ta uku mu bi ta wajen Mungadi mu ɓulla Maiyama. Kowa da jakarsa, da babbar rigarsa, da rubu'in buhun albasarsa. Shi ya sa sharaɗin mu tashi da an sallame asuba, kuma ta bayan gari. Na san dalili, na yarda.

Da na goya jakar nan na miƙe, sai da na ga taurari. Kafin rana ta ɗaga, rigata ta jiƙe sharkaf, igiyoyin sun shige mini kafaɗa, numfashina kamar na tsohon injin ban-ruwa. Shi kuwa yana gaba, yana jefa ƙafar nan, jaka na rangaji a bayansa, ba ya ko waiwaye. Amma da muka hango ƙauyen farko, da mutane zaune a gindin bishiya, sai na ga ya rage sauri. Ya dawo bayana ya rakuɓe, yana tafiya a inuwata. Wannan ƙato da ke shiga kasuwa ana buɗa masa hanya, yau shi ke ɓuya a bayan malamin makaranta. Abin ya soke ni a zuci, na rasa abin tsokanar da zan yi.

Mutanen suka taso da gudu, amma ba wurinsa suka nufa ba. Ni suka yi wa caa. Wannan ya kama jakata, wancan ya kawo tabarma, wani yana yi mini fifita da hula. "Sannu Malam! Mota ta lalace muku? Subhanallahi, ku kawo mishi ruwa!" Wani ya juya wurin taubashina ya ce, "Kai kuma kana ganin dattijo shina wahala ba ka karɓa mishi kaya?" Dattijo! Ni da ya girme ni da shekara biyu. Na ga bakinsa yana motsi, yana danne dariya har kafaɗunsa na rawa.

Bayanin abin da muke yi ya fi tafiyar wuya. A ƙasarmu ba a ganin babban mutum da kaya a ƙasa a wuce shi. Duk mai babur da ya gan mu sai ya tsaya, duk mai amalanke sai ya ce mu ɗora. In muka ce motsa jiki muke, sai su dubi juna. Kafin azahar wani tsohon ɗalibina ya kira ni yana tambaya a hankali ko gaskiya ne an sallame ni daga aiki.

To a ƙauyen farkon nan taubashina ya kwance jaka ya ɗebo albasa ya zuba wa mai gari. Lokacin kuwa albasa ta yi wuya, sai wanda ya adana. Mai gari ya yi ta sa albarka. Muna shirin tashi sai ga masara ɗanya an kawo, ɗauri guda, wai a gasa a hanya. Na ce a'a, mun gode, kaya sun yi mana yawa. Taubashina ya taka mini ƙafa, ya ce ana mai da kyautar mutane? Muka karɓa. A ƙauye na biyu muka ba da albasa, aka ba mu kabewa, ƙatuwa, irin wadda ake fasawa da gatari. A na uku gyaɗa ce sabuwar tona, da ƙasarta da komai. Yaba kyauta tukwici, mu duka mun san haka tun muna goye, amma a cikin mako shida da muka yi muna lissafi a zaure babu wanda ya tuna. Muna sauke mudu ɗaya, ana ɗora mana uku.

Na ce a raba nauyin daidai. Ya ce, "Wa ad da ƙafa biyu? Ba kai kac ce ba?" Kabewa ta shiga jakata.

Mun shiga Jega bayan la'asar. Na so mu bi ta lungu, don ni yanzu nake jin kunya, shi kuma bai ce a'a ba. Matata ta buɗe jakata ta ga kabewa a kan babbar riga, ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye. Na ce mu bar tsarabar a gida. Ya ce gwaji gwaji ne, abin da zai same mu a Mambila ke nan, can ma mutane ne ba aljanu ba. Da ƙyar ya yarda aka bar masarar.

Rana ta biyu ƙafafuna sun yi bororo, sabon takalmin nan ya ci mini dunduniya, ina tafiya ina tale ƙafa kamar ɗan kaciya. A bakin wata rijiya wata tsohuwa ta dube ni da tausayi, ta ce wa taubashina, "Ɗana, ɗan'uwan naka karyewa ya yi? Ku kai shi Aliero mana." Ya ce, "Inna, daga can muke." Ta ce to Allah ya sawwaƙe, wani ɗorin sai haƙuri. Wannan magana ya riƙa maimaita mini har Fagada. A ranar na lura ya daina komawa bayana in mun hango mutane, sai dai ya sunkuyar da kai har mu wuce.

A Fagada tsohon Bafillacen nan ya tarbe mu kamar bai taɓa cin amanata ba. Aka dama mana fura da nono mai kyau, muka kwana. Taubashina ya juye masa albasa mai yawa. Da safe tsohon ya kawo kwalbar man shanu da zakara, ja, mai rai, ƙafafu a ɗaure. Na ce, "Baffa, don Allah." Ya ce ai na fi ƙarfin kaza. Aka rataya zakara a ɗaya daga igiyoyin jakata, yana fuka-fuki yana caccakar mini ƙugu duk taku.

Da hantsi ya yi zafi, mun wuce wajen Mungadi, Maiyama ba ta fi tafiyar awa guda ba, sai ƙafafuna suka ce sun gama. Na zube a gindin wata tsamiya, ban ko cire jakar ba. Na ji ba zan iya ƙara ɗaukar ƙaryar nan ba, ta fi kabewar nauyi. Na ce masa ya zauna. Na gaya masa babu wata Mambila. Ban taɓa niyyar zuwa ba, ban san hanya ba, gulbi kifi nake zuwa ci, tsohon nan ma na je ne ya hana tafiyar. Na ce matarsa ce ta kira ni tana kuka, ni kuma na ji tsoron in rasa shi yana raye, ban san wata dabara ba sai wannan. Na ce in zai yi fushi ya yi, na cancanta.

Bai ce ya sani ba, bai ce bai sani ba, har yau kuma bai gaya mini ba. Can ya ce, "Ka gama?" Na ce na gama. Ya miƙe ya zare jakar daga bayana, ya rataya ta a gaba, tasa a baya, zakara na lilo a gefe.

Ya ce, "Kowa ce mini yake ba a ko ganewa. Matata, liman, mai ɗori, duka. Na san ƙarya suke, don suna sona. Kai kaɗai ne ba ka jin kunyata. Za ni har waccan giginya in dawo. Duba da kyau, ka gaya mini abin da mutane ka gani."

Ya tafi. Na zauna ina kallon bayansa. Kwana uku muna tare amma ban yarda na dube shi sosai ba sai lokacin. Duk taku sai kafaɗarsa ta hagu ta nutse, jikinsa ya karkata, ya ja ƙafar ya dawo da ita. Mutumin da na sani da tafiya kamar ingarma. Hawaye suka zubo mini, na yi maza na share da hannun riga kafin ya juyo. Tsokana goma ta zo mini baki, ko wacce na faɗa zai yi dariya a wuce wurin. Amma ba ita ya roƙe ni ba.

Ya dawo ya tsaya a kaina. Ya ce, "To?"

Na ce, "Kana ɗingishi."

"Da yawa?"

"Da yawa. Daga nesa ma ana gani. Kuma ba na jin zai bari."

Ya gyaɗa kai a hankali. Idanunsa suka kaɗa, ya kau da fuska wajen gonaki, ya ja numfashi mai tsawo kamar wanda aka sauke wa kaya, alhali jaka biyu ke jikinsa. Ya ce, "Madalla. Ai gara in sani."

Sannan ya miƙo mini hannu ya fizge ni na tashi tsaye. Na ce mu ɗan jira rana ta yi sanyi, mu shiga gari ta baya kamar yadda muka saba. Ya ce a'a, yanzu za mu shiga, ta bakin tasha, inda 'yan albasa suke zama, akwai waɗanda rabonsa da su tun kafin ya faɗo, kuma yana son ya tambaye su inda ake samun iri mai kyau bana. Ya juya ya kama hanya, ina biye da shi ba kaya, ina jan ƙafa. Tun daga nesa wani a cikinsu ya gane shi, ya miƙe tsaye yana nuna shi da hannu. Taubashina bai rage sauri ba, ya ɗaga murya ya yi musu sallama.